Zuwa Coventry Neman Ƙyallen Suna

Wankan jego ne ya kai ni Ingila. Tikitin da aka yankar mini na farkon Nuwamba ne, daidai lokacin da likitoci suka ɗibar wa yarinyar nan, amma Allah ya yi ikonsa, naƙuda ta taso mata tun ƙarshen Agusta, cikin yana mako 30. Sunanta ba zai fito daga bakina ba ko da a takarda ne, 'yar fari ce. Aka sauya tikiti a gurguje, na bar garin kunu da yajin da na fara haɗawa, na sauka Birmingham da jaka ɗaya, kwana biyar bayan haihuwa.

Angon nawa a kwalba na same shi, wayoyi da siraran robobi sun kewaye shi, tafin ƙafarsa bai kai tsawon babban yatsana ba. A jikin kwalbar an liƙa kati, babu komai a kai sai "jariri namiji" da sunan mahaifiyarsa da nauyinsa. Ranar bakwai a Kano aka yanka rago, a ƙofar gidan kakansa na wajen uba, maroƙi ya yi shela, mai sunan kuwa yana kwance a wata uwa duniya bai san ana yi ba. A Ingila doka ta ba iyaye kwana 42 su yi rajistar haihuwa, shi ya sa jarirai da dama a ɗakin nan sukan yi makonni babu suna. Wasu iyayen tsoro ne ke hana su raɗawa. Matar da kwalbar 'yarta ke kusa da tamu ta ce ba za ta sa suna ba sai ta ga an cire wa yarinyar robar hanci.

Ranar da aka sallame mu, bayan mako bakwai, na haɗa kayanmu, na naɗe ɗan bargon da ake lulluɓa masa tun da aka fitar da shi daga kwalba, ruwan ƙwai da fari, saƙar hannu, na ajiye a kan kujera. A ganina kayan asibiti ne, kuma ba a raine ni da ɗaukar abin da ba nawa ba. Mun kai bakin lif sai ga wata nas da sauri tana riƙe da shi. Ba ta yi dogon bayani ba, kusurwar bargon ta juyo mini. Akwai ɗan farin ƙyalle da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, irin wanda telolinmu ke ɗinkawa a wuyan riga, an rubuta cewa hannu ne ya saƙa wannan, kyauta ce ga jariri, a tafi da shi gida. Yarinyar nan, wadda ta yi mako bakwai ba ta yarda na ga hawayenta ba, a nan ta fashe da kuka.

Da na bincika aka ce wasu mata ne ke haɗuwa kowace Talata a laburaren wata unguwa suna saƙawa. Ni kuwa kwarashi ba baƙona ba ne, tun ina makarantar kwana na iya, na kuma yi shekaru ina saƙa wa 'ya'yan dangi hula da safa idan hunturu ya gabato. Talata na zagayowa na sa surukina ya sauke ni a can. Mata goma sha biyu ne, yawancinsu sun girme ni. Shugabarsu wata dattijuwa ce da ta haura saba'in, tsohuwar nas, wadda ta ji surukina ya ce mini Hajiya, ita ma ta kama, har na bar ƙasar da shi take kirana.

Ba su suka fara irin wannan aiki ba. A jajibirin Kirsimeti na 1995 wata mata a jihar Colorado ta Amurka, Karen Loucks, ta karanta a mujallar Parade labarin wata ƙaramar yarinya mai ciwon daji da ba ta rabuwa da bargonta duk lokacin da za a yi mata magani. Sai ta fara kai barguna na hannu cibiyar kula da yara masu ciwon daji a Denver. Daga nan ƙungiyar Project Linus ta samo asali, sunan kuma na wani yaro ne a zanen barkwanci na Peanuts, na Charles Schulz, wanda kullum yana jan bargonsa. A 2000 aikin ya ƙetaro Birtaniya. Duk bargon da ya bi ta hannunsu sai an ɗinka masa shaidar ƙungiya. Matan Talata ba reshen kowa ba ne, don haka neman ƙyallen shaida a wuyansu yake. Wadda ta saba buga musu a gidanta ta koma wani gari wajen ɗanta, abin da ya rage a gwangwani bai kai goma ba, ga barguna fiye da arba'in a jibge.

Ɗakin jarirai yana da sharuɗɗansa, kuma dattijuwar ba ta sassautawa ko ɗaya. Zaren ya zama na roba mai laushi da zai jure wanki a ruwa mai zafin digiri 60. Saƙar ta zama matsattsiya, domin yatsan bakwaini yana iya maƙalewa a ramin da ido bai ɗauka a bakin komai ba. Ba maɓalli, ba geza, ba turare, kuma kada warin taba ko gashin kyanwa ya taɓa shi. Ƙyallen da za a ɗinka ma dole ya bi waɗannan ƙa'idoji.

A kan abin da za a rubuta ne muka sami saɓani. Wata matashiya a cikinmu, gwanar saƙa ce ƙwarai, ta kawo shawara kowace mace a buga mata nata da sunanta, uwar jariri ta san hannun wa ya yi. Wasu suka goyi bayanta. Ni abin bai kwanta mini ba, na kuma faɗa. Tarbiyyar da na samu ita ce sadaka tana son sirri. Tuwon da muke fitarwa ranar Juma'a ba a rubuta sunan mai tuƙi a jikin kwano. Har na ce in don ta ni ne a bar ƙyallen gaba ɗaya. Dattijuwar ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke da kanki kika ba mu labarin bargon da kika bari a kan kujera." Na yi shiru.

Yarinyar nan ta ce, "Umma, ai a waya ake yin odar irin wannan." Muka gwada. Wani kamfani ya ce ba ya bugawa sai daga 500 zuwa sama. Wani ya aiko da samfur, gefensa kamar bakin takarda, na goga a kumatuna na ji yana karta. Na uku irin wanda ake mannawa da dutsen guga ne, muka gwada a kan wani guntun saƙa, zafin ya narkar da zaren ya kwanta ya yi sheƙi kamar leda. Na ce ni dai a Kantin Kwari na koyi sayen yadi, ba na biyan kuɗin abin da hannuna bai taɓa ba. Dattijuwar ta ce to mu shirya, idan akwai garin da ya san ƙyallen suna a ƙasar nan, Coventry ne.

Ranar wata Alhamis a ƙarshen Nuwamba ni da dattijuwar muka hau jirgin ƙasa a tashar New Street. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Jirgin ya tsaya a tashar filin jirgin sama, daga nan sai gonaki jiƙaƙƙu da itatuwa tsirara. Sanyin can ba irin namu ba ne. Hunturu yana busar da leɓe ya fasa kaushi, wannan kuwa da laima yake zuwa, ya ratsa riga uku ya zauna a ƙashi. A jakata akwai bargo ɗaya da aka gama, da alƙalamin da ake rubutu a jikin tufafi, da samfuran nan biyu da suka ba mu kunya.

Da kasuwar garin muka fara. Ginin zagaye ne, an buɗe shi a 1958, idan ka miƙe kana kallon rumfuna sai ka tsinci kanka inda ka faro. Muka sami rumfar mai sayar da zare da maɓallai da zif. Ta zazzage mana abin da take da shi: ƙyallayen da aka riga aka buga da kalmomin ƙauna daga kaka zuwa jika, da na fata da ake kafawa da ƙusa, da na katako masu kama da maɓalli. Kyau dai akwai, amma ko ɗaya ba zai shiga ɗakin bakwaini ba. Da ta ga samfurinmu mai kaifin nan ba ta yi mamaki ba. Ta ce zaren roba ne, kuma da wuƙa mai zafi inji yake yanka shi don kada ya warware, narkewar nan ce take daskarewa ta zama kaifi. A wuyan rigar babba ma tana sa ƙaiƙayi, balle fatar da ake ganin jijiya ta cikinta. Ta ce mu nemi na auduga, mu kuma gwada titin Foleshill, can ne masu yadi suke. Na sayi ƙullin zare biyu don kada mu tashi hannu rabbana bayan ta ɓata mana lokacinta.

Dattijuwar ta ce kafin Foleshill akwai abin da take so in gani. Muka ratsa ta gefen kangon tsohuwar majami'ar garin, wadda jiragen Jamus suka ƙona a daren 14 ga Nuwamba 1940, aka bar bangayenta a tsaye babu rufi, muka shiga gidan tarihi na Herbert da ke daura da ita.

A can na ga masaƙar da ta tsayar da ni. Katako ne da baƙin ƙarfe, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, a samanta an rataye jerin katuna masu huji-huji, an ɗinke su da juna kamar sarƙa. Fasahar wani Bafaranshe ce, Joseph Marie Jacquard na birnin Lyon, wanda ya fito da ita a 1804. Kowane kati yana daidai da wucewar ƙoshiya sau ɗaya. Inda akwai huji, ƙugiya za ta ɗaga zaren tsaye, inda babu, zaren ya zauna. Kati ya wuce, wani ya biyo, a haka fure ko harafi yake fitowa a jikin saƙa ba tare da masaƙi ya ƙirga zare ba. Daga waɗannan katuna ne masu ƙera na'urorin lissafi na farko suka ɗauki dabarar da ta kai ga kwamfuta. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne faɗin abin da ake saƙawa. Siriri ne, kamar sawayen da masaƙan Kura ke yi na turkuɗi. Bambancin shi ne namu mutum ɗaya ne da ƙoshiya ɗaya, wannan kuwa ƙoshiyoyi ne a jere, kowace da nata layin, suna kai da komowa a lokaci guda.

Ribom na siliki shi ne abincin Coventry tun daga ƙarni na 18 har tsakiyar na 19. Dubban gidaje da shi suka dogara. A 1860 Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Faransa, aka cire harajin da ke kan silikin waje, ribom ɗin Faransa ya cika kasuwa. Cikin ɗan lokaci masaƙu suka tsaya, masaƙa suka koma layin karɓar abincin agaji, wasu suka bar ƙasar. Garin daga baya ya koma ƙera kekuna, sannan motoci. Ina karanta wannan a jikin bango, Kakuri ce take faɗo mini a rai. Wanda ya san Kaduna lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin unguwa da asuba, ya kuma ganta bayan yadin waje ya rufe su, ba sai an fassara masa abin da ya sami mutanen nan ba.

Daga gidan tarihi muka gangara bakin mashigin ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18 don dakon gawayin kwal. Muka bi gefensa a ƙafa, dattijuwar da sandarta, ni ina riƙe da jakunkunanmu biyu. Ruwan baƙi ne, ba ya motsi, ganyaye sun rufe rabinsa. Mun yi tafiyar da ta kai rabin awa saboda muna tsayawa tana hutawa, sai ga wani dogon gini na jan bulo a ƙetare, hawa uku. Hawa biyu na ƙasa tagoginsu irin na kowane gida ne. Na saman kuwa tagogi ne manya-manya, kusan bangon duka gilashi.

Gidajen Cash ke nan. Wasu 'yan'uwa biyu, John da Joseph Cash, mabiya ɗariƙar Kiristoci ta Quaker, suka kafa kamfanin saƙar ribom a 1846. A 1857 suka fara wannan gini. Niyyarsu gida 100, amma 48 suka samu ginawa. Masaƙi da iyalinsa suna zaune a ƙasa, masaƙarsa tana sama inda haske yake, injin tururi guda ɗaya yana juya wani dogon ƙarfe da ya ratsa dukkan gidajen yana ba kowace masaƙa ƙarfi. Ana so mutum ya ci moriyar inji ba tare da ya bar gidansa ya koma ɗan ƙwadago a masana'anta ba. Shekara uku da farawa guguwar 1860 ta zo. Kamfanoni da yawa suka mutu, na Cash ya tsira saboda ya sauya abin da yake saƙawa, har a shekarun 1870 ya fara saƙa ƙyallen suna: farar siririyar saƙa, sunan mutum a jiki, an fi saninsa da jan zare. Iyaye suna yin oda dozin-dozin su ɗinka a kayan makarantar 'ya'yansu. Yanzu ba a saƙa a ginin, gidajen zama ne, na ga labule da tukwanen fure a tagogin da dā masaƙu suke.

Muka zauna a kan wani benci muna kallonsa. Dattijuwar ta zuba mana shayi daga filas. Can ta ce mahaifiyarta ta ɗinka mata irin ƙyallen nan a kowace safa da kowace riga ranar da za ta shiga makaranta. Ita ma ta ɗinka wa 'ya'yanta uku. Sai ta ɗan tsaya, ta ce na ƙarshe da ta yi oda na mijinta ne, lokacin da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa aka kai shi gidan kula da tsofaffi. A can wanki a haɗe ake yi, rigar da ba ta da suna ba ta dawowa. Ta ce akwai ranar da ta same shi ya juya bakin rigar sanyinsa yana bin haruffan da yatsa, yana karanta sunan a hankali kamar na wani baƙo, sannan ya ɗago ya tambaye ta ko shi ne.

Ban ce komai ba sai addu'ar da na yi a zuciyata. Amma a kan bencin nan ne gardamarmu ta ranar Talata ta warware mini. Shekara 150 ana saƙa wannan ƙyalle a garin nan, kuma sunan da ke kai kullum na mai sa rigar ne. Uwar da ta kwana tana ɗinki ba ta taɓa sa nata ba. Ni na tsaya a kan kada mai bayarwa ya bayyana, matashiyar nan ta tsaya a kan kada bargo ya zo kamar daga inji ya faɗo, dukkanmu muna kallon mai saƙa, mun manta da wanda za a lulluɓa. Hausawa suka ce suna linzami. Yaron da aka rubuta wa "jariri namiji" a jikin kwalba, ba shi da riga tasa, ba shi da gado nasa, abu na farko da zai mallaka a duniya shi ne wannan bargo. In akwai sunan da ya cancanci hawa kansa, nasa ne.

Na gaya mata. Ta ce ai ba mu san sunayensu ba, wasu ma iyayensu ba su sani ba tukuna. Na ce to a bar musu wuri. A ja layi, a bar shi babu komai, ranar da uwa ta sami ƙarfin zuciyar raɗa suna ta rubuta da hannunta. Ta ajiye kofinta ta ce in haka ne saƙaƙƙen ƙyalle ya fita daga lissafi, domin alƙalami ba ya kama shi da kyau. Mun zo garin saƙa, ga shi abin da muke buƙata bugawa za a yi.

Titin Foleshill yana nan kusa. Da muka fito kansa sai na ji kamar an sauke ni a wata ƙasa: shagunan yadi masu ƙyalli, masu gwal, masu kayan yaji, ƙamshin soyayyar albasa. Mutanen Indiya da Pakistan ne suka fi yawa, kakanninsu sun zo aikin masana'antu bayan yaƙin duniya na biyu. Shago uku muka shiga ba a dace ba. Na farko sai dai ya yi mana surfani da inji, wanda bayansa yake da kaushi. Na biyu ba ya karɓar ƙaramin aiki. A na uku ne wata mata ta nuna mana wani ɗan lungu, ta ce akwai yaron da ke buga riguna da bajon makarantu.

Saurayi ne da bai wuce sa'ar yarinyar nan ba. Ya ga mayafina ya yi mini sallama, ya jawo mana kujeru, ya ce, "Anti, me za a yi muku?" Na shimfiɗa bargon a kan teburinsa na faɗi buƙatarmu. Bai yi gaggawar cewa zai iya ba. Ya shiga ciki ya fito da naɗi biyu, ɗaya mai santsi da sheƙi, ɗaya na auduga mara ado. Ya ce in kawo alƙalamina. Na rubuta a kan mai sheƙin, tawadar ta bazu kamar an ɗiga a ruwa. Na rubuta a kan audugar, harafi ya zauna daram. Ya ɗauko butar shayinsa ya tsiyaya ruwan zafi a kan guntun a cikin kofi, ya cuɗa, ya matse, rubutun yana nan. Sannan na yi nawa gwajin, na goga a kumatu da cikin wuyan hannu. Ban ji komai ba.

Ya yi mana bayanin sauran. Gefe biyu na tsawon audugar a saƙe suke tun daga masaƙa, ba sa buƙatar wuta. Bakin da aka yanka da almakashi kuwa sai a kalmashe shi ciki. Tawadar da zai buga da ita ana gasa ta bayan bugu don ta kama zare. Ya ce mu wanke naɗin kafin mu ɗinka, domin auduga tana shiga a wankin farko, idan ba haka ba za ta tattare kusurwar bargo. Dattijuwar ta ƙara da nata: a ɗinke duk gefe huɗu ya kwanta, kada a bar shi kamar hannun jaka inda yatsa ko robar numfashi za ta sarƙe.

Rubutun ya ɗauke mu kusan awa guda, a kan ƙyallen da faɗinsa santimita biyu da rabi ne, tsawonsa bakwai. Kowace kalma sai ta biya kuɗin wurinta. Muka tsaya a kan cewa an saƙa shi da hannu, kyauta ce, a tafi da shi gida. Maimakon dogon bayanin wanki, saurayin ya kawo shawarar a sa ɗan hoton baho da lamba 60 a ciki, alamar da ke jikin tufafi a ko'ina, domin iyayen da ke ɗakin nan wasu Somaliyawa ne, wasu 'yan Poland, wasu Larabawa, ba kowa ke karanta Turanci ba. Sai layin suna a ƙasa, wanda na roƙa a ba shi wuri mafi faɗi, saboda sunayenmu ba gajeru ba ne.

A nan dattijuwar ta kawo abin da ban zata ba. Ta ce dole a sa sunan ƙungiya, ko da ƙanana ne haruffan. Na fara jan baya. Ta ce ba don yabo ba ne. Ta yi shekara talatin a asibiti, idan aka sami bargon da zarensa ke zuba ko launinsa ke fita, dole ma'aikata su san wa za su kira don a tsayar da sauran. Na ga gaskiyarta. Wannan ɗaukar amana ce, mai abu ya tsaya a bayan abinsa, kuma ba ta ci karo da abin da nake gudu ba. Muka sa sunan unguwa da ranar haɗuwa, babu sunan mace ko ɗaya.

Guda 200 muka yi oda. Da aka zo lissafi ya cire kuɗin shirya zanen, ya ce, "Anti, a sa ni cikin ladan." Ya kwatanta mini masallacin da ke da wurin mata, na haɗu da la'asar tana shirin fita, domin a wannan lokaci na shekara ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Dattijuwar ta jira ni a wani shagon shayi. A jirgin komawa ta yi barci tun kafin mu bar gari, ni kuma na ciro kwarashi na fara sabon bargo da zaren da na saya a kasuwa.

Bayan kwana goma naɗin ya iso. Muka wanke, muka shanya, muka yanka, Talata biyu muna ɗinki. Matashiyar nan ba ta yi musu ba da ta ga layin. Amma na lura duk bargon da ta saƙa, kafin ta ɗora ƙyallen sai ta yi wani ɗan ɗinki da koren zare a wurin da zai rufe, inda ba mai gani. Ban tanka mata ba, kuma ban ga laifinta ba. Mai ɗinkin hula ma yana gane hannunsa a kan wani a tsakiyar kasuwa, ya ji daɗi shi kaɗai.

Na roƙi guda ɗaya na kai gida, na ɗinka a gefen tsohon da ke jikin bargon angona. Uwarsa ce ta rubuta sunan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya kai mako 37, kuma Nijeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan. Bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, kuma mun san yadda dare yake a watan Janairu a garuruwanmu. Muna da mata a kowace unguwa da kowace Islamiyya da suka iya kwarashi da kibiya, muna da masu buga riguna a kowace kasuwa. 'Yar'uwa, idan kina cikinsu, ki fara zuwa ɗakin jarirai na asibitin da ke kusa da ke, ki tambayi babbar nas girman da suke so da irin zaren da suke karɓa. Ki sa a rubuta da Hausa, da boko da ajami, cewa kyauta ce a tafi da ita gida. A ƙasa kuma ki bar wa uwar yaron layin da za ta rubuta sunansa.